Bargon Ɗuri: Auduga Zalla Ko Tetiron?

Ina gaida iyayenmu mata da ke cikin gida, hannu na aiki, kunne na rediyo. Ina gaida teloli, musamman na unguwarmu Gwammaja a nan Kano, tun daga wajen Gidan Mambayya har zuwa hanyar Ƙofar Ruwa. Na san yanzu haka ƙafar wani na kan keke. Sannunku da aiki.

Yau maganar yadi za mu yi. Ba yadin riga ba, ba na zane ba. Yadin bargon ɗuri. Ina nufin bargon nan mai hawa uku. Ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, a shimfiɗa auduga ko faiba a tsakiya, sannan a bi da ɗinki layi-layi a kame su wuri ɗaya. Wasu na yin sa da yadi sukutum. Wasu kuma na harhaɗa ƙyallayen da suka rage a shagon tela, su fitar da zane mai kyau. 'Yan matan da ke koyon ɗinkin zanen gado suna ce masa dubet. Sunan ne sabo. Sana'ar tsohuwa ce, kuma zan zo kan wannan.

Tambayar ita ce, da wane yadi za a yi shi? Da auduga zalla, ko da tetiron? Bari in faɗi matsayina tun da wuri, don kada in ja ku da nisa. Abin da zai kwana a jikin mutum, a yi shi da auduga. In hali bai kai ba, a yi da tetiron, babu laifi. Amma kada a haɗa su a bargo ɗaya.

Bari in fara da abin da na gani da idona.

Yayata ce ta sami jikar fari. Ta ce ba za ta sayi kayan kanti ba, da hannunta za ta ɗinka wa jaririyar abin shimfiɗa. Ni na karɓo mata buhun ƙyallaye daga wurin wani tela a bayan layinmu. Akwai guntayen atamfa, akwai shadda, akwai ragowar yadin yunifom na 'yan makaranta, shuɗi da fari. Ta yi mako uku tana aikin. Kullum bayan la'asar sai ta baza tabarma a tsakar gida. Ta yanka murabba'i-murabba'i da kwali, ta jera, ta sauya, ta sake jerawa. Da ta gama, maƙwabta har shigowa suke yi kallo.

Aka wanke shi sau ɗaya. Da ya bushe, sai ga shi ya tattare. Wani gida ya tsuke, na kusa da shi ya kumburo kamar an hura masa iska. Layin da ke miƙe ya karkace. Ta ɗauko dutsen guga na gawayi don ta kwantar da shi. Guntun atamfa ya kwanta lafiya. Tana kai dutsen kan shuɗin yadin nan, sai ƙauri. Ta ɗaga, ga shatin dutsen ya fito yana ƙyalli, gefensa ya ƙandare.

Ta zauna shiru. Gwaggonmu tana gefe tana jan carbi. Ta ce, "Miƙo min nan, 'yar nan." Ta zare zare biyu, ɗaya daga atamfar, ɗaya daga shuɗin. Ta ce in ƙyasta ashana. Na atamfa ya ci wuta, ya bar toka mai laushi. Na shuɗin ya nannaɗe, ya narke, ya dunƙule baƙi ƙirin. Gwaggo ta ce, "Kin ga, wannan gona ta haife shi, wannan kuwa ban san uwarsa ba. Kin aurar da su ba ki tambaya ba." Yaya ta ce, "Wallahi Gwaggo, a ido duk ɗaya na gan su."

A ido duk ɗaya ne. Nan matsalar take, masu sauraro.

To, mene ne tetiron ɗin? Bari mu tsaya nan kaɗan. Shi ne yadin nan mai santsi, marar kauri, mai matsattsiyar saƙa. Shi ake ɗinka wa yara yunifom, shi ake sa wa a shafin riga. Yawancinsa gauraye ne. Wanda ya fi yawa, kashi 65 cikin ɗari zaren roba ne, kashi 35 auduga. Zaren robar nan sunansa foliyesta. Daga man fetur ake samo sinadarinsa. Shi da robar ruwan sha uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, su suka ƙirƙiro shi a 1941. Daga baya kamfanoni biyu na Japan, Teijin da Toray, suka sayi izinin yin sa, suka raɗa wa nasu Tetoron. Sunan nan ne ya biyo yadi har kasuwar Kantin Kwari, bakinmu ya mai da shi tetiron. Ka ji amsar tambayar Gwaggo.

Idan mata suka ce atamfa roba ce, wannan zaren suke nufi. Kuma sun yi gaskiya. Roba ce.

Yanzu mu duba dalilin da ya sa ba sa zaman lafiya da auduga a bargo ɗaya.

Auduga tana shan ruwa. Idan aka wanke ta karon farko, zarenta yakan saki jiki daga jan da aka yi masa a masaƙa, sai yadin ya ɗan tsuke. Roba ba ta shan ruwa, ba ta tsukewa. Ka ɗinke su gefe da gefe, ka tsoma a ruwa. Ɗaya ya ja baya, ɗaya ya tsaya cak. Ɗinkin da ke tsakani ne zai sha wahala. Abin da ya sami bargon Yaya ke nan.

Sai guga. Mai haɗa ƙyallaye ta san rabin aikinta guga ne. Kowane haɗi sai an kwantar da bakinsa kafin a ɗora na gaba. Auduga tana son zafi, kuma tana riƙe kari. Ko da farce kika danne ta, za ta kwanta. Tetiron kuwa an yi shi ne don kada ya yi kari. Wannan shi ne abin alfaharinsa a jikin ɗan makaranta. A hannun mai haɗa ƙyalle kuwa, shi ne aibinsa. Kin danne, ya taso. Kin ƙara zafi, ya ƙone. Yana kuma zamewa a ƙarƙashin allura, sai kusurwa ta ƙi haɗuwa da kusurwa.

Amma babban dalilina ba na tela ba ne. Na mai kwana a ciki ne. Jikin ɗan Adam yana fitar da gumi ko da sanyi ake yi. Auduga takan tsotse shi, ta sake shi a hankali. Roba takan bar shi a kan fata. Shi ya sa mutum zai lulluɓa da daddare yana rawar ɗari, ya farka tsakar dare a jiƙe, ya yaye, sanyi ya sake kama shi. Babba zai iya yayewa. Jariri fa? Tsoho mai jinya fa, wanda sai an juya shi? Ƙurajen zafin da muke gani a wuyan yara da bayansu, sau da yawa shimfiɗa na da hannu a ciki.

Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san wani abu kuma. Ka ja bargon roba cikin duhu, ka ji ƙas-ƙas, har ka ga ɗan tartsatsi. Bushewar iska ce ke haɗuwa da roba. Ba ya kisa, amma yana jawo ƙura, yana manne ta. Mu kuwa ƙurar hunturu ba baƙuwarmu ba ce.

Akwai maganar wuta, kuma ina roƙon a saurare ni da kyau. Lokacin sanyi muna shiga ɗaki da kaskon garwashi. Muna kunna maganin sauro mai hayaƙi kusa da gado. In ba lantarki, ga kyandir. Ba zan ce muku auduga ba ta cin wuta ba. Tana ci, da sauri ma. Amma roba narkewa take yi, ta manne a fata, ta ci gaba da ƙuna. Gaurayen kuwa ya haɗa halin biyun. Kowane iri ne bargonki, ki nisanta shi da wuta.

Shi ya sa na ce, kuma ina maimaitawa. Abin da zai kwana a jikin mutum, a yi shi da auduga.

Yanzu bari mu waiwaya baya, don na ce sana'ar nan tsohuwa ce.

Idan ka tsaya a Gwammaja ka ɗaga kai, ga Dutsen Dala. A garin da ya girma a gindin dutsen nan, an san ɗinkin ɗuri tun fiye da shekara 600. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Mene ne lifidi in ba bargon ɗuri ba? Saƙin auduga ne ciki da waje, a ɗura masa audugar rimi, a bi shi da ɗinki. A sa wa doki, a sa wa mahayi. Kibiya ta zo ta nutse a ciki, ba ta kai ga nama ba. Har gobe, ranar hawan Sallah, ka dubi 'yan lifida a tawagar Sarki. Ka dubi yadda aka haɗa ja da kore da rawaya, gida-gida. Aikin haɗa ƙyalle ne tsantsa. Abin da 'yarmu ke koyo a waya yau, kakanninta sun ɗinka shi don kare rai a fagen fama.

Kuma a wancan zamani ba a tambayar wane yadi. Auduga ce kawai. Na taso na tarar da kakata da kayan aikinta a cikin wani ɗan lefe. Magurji na raba auduga da angurya. Bakan shiɓa. Mazari, da ɗan alli na shafa wa yatsu. Ta yi kaɗi, a kai wa masaƙa, a dawo da gwado. Gwadon nan yana da nauyi, yana da kaushi ranar farko. Bayan wanki goma ya fi komai laushi. Da ya tsufa aka yanka shi aka yi wa jarirai shimfiɗa. Da ya ƙara tsufa ya koma tsumman goge-goge. Bai taɓa zama shara ba sai da ya ƙare ƙarƙaf.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa Tambutu, suna kaiwa Gat da Murzuk, har Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai audugarmu za ta kwarara zuwa masaƙun Ingila. Ba haka ta faru ba. Masaƙan gida sun fi su sayen ta da daraja, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba a wajen Bature. Ka ji yadda mutanen garin nan suka riƙe auduga.

Har yau akwai alƙalin da ba ya karɓar toshiya a wannan shari'a. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana nan tun 1498. Ka kai musu farin auduga, su tsoma a baba, ya fito shuɗi har cikin zare. Ka kai musu roba, baba ba zai kama ba. In gauraye ne, ya fito fari-fari, kamar wanda ya koɗe tun bai tsufa ba. Mai son ta rina bayan bargonta, ta san da wannan.

To, kada a ce na yi wa tetiron rashin adalci. Bari in juya in faɗi alherinsa, don yana da shi.

Yana da araha, kuma a wannan zamani araha ba abin rainawa ba ce. Yana bushewa da wuri, ko da damina. Launinsa ba ya saurin koɗewa. Yana da ƙarfi, yana jure wanki. Idan labule za ki yi, ko rigar kujera, ko abin ado na bango, ko murfin keken ɗinki, ki yi da tetiron hankalinki kwance. Idan ɗanki na makarantar kwana, shi zai wanke da kansa ya shanya a waya, bargon tetiron zai yi masa hidima. Sai ki haɗa masa da zanen auduga da zai sa daga ciki. Mai koyo ma, gara ta ɓata mai araha kafin hannunta ya faɗa. Sai dai ki sani, in ya kwana biyu yakan yi 'yan ƙurajen zare a inda jiki ke gogarsa. Auduga tsufa take yi ta yi laushi. Shi kuwa tsufa yake yi ya yi kaushi.

Na san abin da wata ke cewa yanzu a zuciyarta. Malam, kana ta auduga auduga, ka san kuɗin yadi ɗaya kuwa? Na sani, Hajiya. Kuma abin na yi mini ciwo. Ƙasar da ke da Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Gwambe, bai kamata auduga ta zama kayan masu hali a cikinta ba. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, zamanin Sardauna. Wasu suka biyo baya a Kaduna da Funtuwa, da nan Kano, a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Dubban magidanta sun ci abinci a nan. Yau yawancinsu a rufe suke. Rashin wuta, tsadar mai, da kayan waje masu araha da suka cika kasuwa, su suka taru suka durƙusar da su. Da masaƙa ta rufe, manomi ya rasa mai saye, ya koma masara da waken soya. Sai muka wayi gari muna sayen roba daga ƙetare, a garin da ya tufatar da Sahara.

Amma ga wani abu da zai sanyaya zuciya. Bargon ƙyallaye ba ya bukatar sabon yadi. Tsohuwar atamfarki ta gaske, wadda gefenta ya mutu amma tsakiyarta na nan, auduga ce. Tsohuwar shaddar maigida, in ta gaske ce, auduga ce. Sun sha wanki, sun gama tsukewa, sun gama zuba. Babu abin da ya fi su dacewa. Bayan bargon kuma, akoko ko alawayyo ya wadatar, in an tabbatar na auduga ne. Aikin kawai shi ne tankaɗe da rairaya. Ki zazzage buhun ƙyallen, ki ware. Auduga gefe ɗaya, roba gefe ɗaya. Bargo biyu za ki samu maimakon ɗaya da zai lalace. Kada dai a haɗa su.

Yanzu, yaya za a gane? Wannan shi ne sashe na ƙarshe, kuma shi ya fi amfani.

Kada ki dogara da rubutun da ke bakin yadi kaɗai. Kada ki dogara da ƙyalli. Ki damƙi gefen yadin a tafin hannu, ki matse sosai, ki saki. Auduga za ta yamutse, ta zauna a yamutse. Tetiron zai miƙe kamar ba a taɓa shi ba. Ki ɗiga masa ruwa. Auduga za ta shanye, roba za ta bar shi yana gangarawa. Sai dai sabon yadi na zuwa da sitati, yana iya ruɗar ki. Don haka gwajin Gwaggo ya fi tabbas. Ki roƙi mai shago ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa. Mai gaskiya ba zai hana ki ba. Kada a ƙyasta ashana a cikin kasuwa, don Allah. Kasuwanninmu sun sha gobara, ya isa haka. Ki kawo gida, ki sa a faranti, ga ruwa a kusa. Ƙaurin takarda da toka mai laushi, auduga ce. Baƙin hayaƙi da warin leda da dunƙule mai tauri, roba ce. In kin murza tokar kin ji tsakuwa-tsakuwa a ciki, gauraye ne.

Idan kin samu audugar, ki wanke kafin almakashi ya taɓa ta. Ja daban, shuɗi daban, don ki ga mai zuba. Ki shanya, ki goge, sannan ki yanka. Tun ran gini, tun ran zane. Shadda sabuwa tana da tauri, allurar hannu na shan wuya a kanta, sai ta sha ruwa sau biyu ko uku. In da shiɓaɓɓiyar auduga za ki yi ɗurin, ki matso da layukan ɗinki kusa da juna, kamar faɗin yatsu uku, don kada ta dunƙule a wanki. Na jariri kuma ya zama marar nauyi, kuma kada ya kai fuskarsa.

Yaya ta warware nata. Ta zauna da reza ta cire shuɗin nan gida-gida, kwana huɗu tana yi. Ta maye gurbinsu da tsohon zanen mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Yarinyar yanzu ta shiga firamare. Bargon yana nan, ƙanenta ke kwana a kai. Shuɗin da aka cire kuma bai tafi a banza ba. Ta haɗa shi da 'yan'uwansa ta yi wa kekenta riga.

Teloli 'yan'uwana, ga roƙona gare ku. Ku ajiye buhu biyu a ƙarƙashin tebur, ɗaya na auduga, ɗaya na roba. Ku kuka fi kowa sanin yadi, tun daga kukan almakashi. Mai zuwa neman ƙyalle ba ta sani ba. Masu ɗinka kayan ɗakin amare kuma, ku gaya wa uwar amarya gaskiyar abin da kuka sa, ta zaɓa da saninta.

Iyayena mata, sanyi na tafe. A daren nan, kafin ki kwanta, ki shafa abin da yaranki ke lulluɓa da shi. Ki damƙa, ki saki, ki gani. In auduga ce, madalla. In roba ce, ki sa musu tsohon zanenki daga ciki, kafin Allah ya hore wani.

Allah ya sa albarka a sana'ar hannuwanku, ya raya mana zuri'a.